Tarin da ya ƙi ƙarewa: yadda ake kula da buɗaɗɗun hanyoyin huhu, mataki-mataki

Tun shigowar hunturu tambaya ɗaya ake ta turo mini ta fuskoki daban-daban. Wani ya sha maganin tarin fuka wata 6 cur, an sallame shi, amma har yau kowace asuba sai ya tara kaki rabin kofi. Wata kuma likita ya rubuta mata dogon suna a kati, buronkiyektasis, ya ce ba ya warkewa, ta koma gida ba ta san ta inda za ta fara ba. Akwai masu tambaya saboda iyayensu, akwai saboda yaro.

Ga abin da buronkiyektasis ke nufi a taƙaice. Hanyoyin iska na cikin huhu sun buɗe fiye da kima, bangonsu ya lalace, sun kasa turo majina waje. Majinar ta kwanta, ƙwayoyin cuta su samu masauki, su ƙara cin bangon. A nan wajenmu Kano tsohon tarin fuka ne kan gaba wajen jawo wannan, sai ƙyanda, tarin shiƙa da nimoniyar yarinta, sai raunin garkuwar jiki. Kwata ce da ta toshe: ko me aka zuba mata, in ba a yashe ta ba wari zai dawo. Yashewar nan ita ce aikinka na kullum. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na ranar da ciwo ya tashi ne. Yawancin mutane sun juya abin, suna ta haɗiyar ƙwaya, kakin kuma yana nan kwance.

Mataki na 1: A tabbatar da cutar, kuma a bi gwaje-gwaje a jere

Kada ka fara da gwajin da ya fi tsada. Fara da na kyauta.

Na farko, gwajin kaki na tarin fuka, wanda ake yi da injin GeneXpert. Kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, har da Asibitin Zana da Asibitin Murtala, kuma layin 3340 na shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa zai nuna maka cibiya mafi kusa. Ka nemi a haɗa maka da gwajin cuta mai karya garkuwar jiki. Ba zargi ba ne, ƙa'ida ce ga duk mai daɗaɗɗen tari.

Gargaɗi: in ka taɓa shan maganin tarin fuka, faɗa tun kafin a karɓi kakin, da shekarar da ka sha da kuma ko ka kammala. Injin yana iya ganin ragowar matattun ƙwayoyin cuta ya ce akwai, alhali ba cuta mai rai ba ce. Likita ne zai haɗa sakamakon da hoto da yanayin jikinka kafin ya mayar da kai kan magani. Haka kuma in sakamako ya ce babu, kada ka matsa a sake sa ka a maganin wata 6 don kawai tarin ya yi kama da na da. Mutane da yawa sun zagaya maganin nan sau 2, sau 3, a banza.

Na biyu, hoton ƙirji na yau da kullum. Yana da sauƙin kuɗi, yana nuna tabon tarin fuka da ramuka, amma sau da yawa ba ya nuna buɗewar hanyoyin. Hoto mai kyau bai wanke ka ba.

Na uku, hoton siti na ƙirji, wato CT, wanda ke nuna cikin huhu yanki-yanki. Shi ne ke yanke hukunci. Shi ne kuma mafi tsada a duk jerin, farashinsa ya bambanta tsakanin asibitin gwamnati da wuraren hoto masu zaman kansu, don haka tambayi wuri 2 ko 3 kafin ka biya. Ka tabbata takardar likita ta nuna irin mai yanka siriri ake so, wanda ake rubutawa HRCT. Galibi ba ya buƙatar allurar ruwan hoto, wadda ke ƙara kuɗi. Yi shi lokacin da jiki ya lafa, ba tsakiyar zazzaɓi ba. Mai juna biyu ta faɗa kafin a shigar da ita. Ka karɓi faifan ko fim ɗin tare da rahoton, ka adana a gida: sau ɗaya ya kamata ka biya wannan kuɗin, ba duk sanda ka canza likita ba.

Na huɗu, gwajin shuka kaki, wanda ke faɗin sunan ƙwayar cutar da ke zaune a huhunka da maganin da ke kashe ta. Sai gwajin busa na auna ƙarfin huhu, da na jini da likita zai zaɓa don neman sanadi.

Da waɗannan a hannu, nemi takardar turawa zuwa likitan ƙirji. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke titin Zariya yana da su. Kafin ka fita daga ofishinsa ka ce: "Likita, don Allah a nuna mini wane ɓangare ne ya lalace, dama ko hagu, sama ko ƙasa, kuma a haɗa ni da masu gashin jiki, wato sashen fisiyo." Amsar tambayar farko ita za ta faɗa maka yadda za ka riƙa kwanciya a mataki na 3.

Mataki na 2: Yadda ake ba da kaki

Gwaji da yawa yana lalacewa tun daga gida. Karɓi robar gwaji mai murfi daga ɗakin gwaje-gwaje, ba kwalbar magani da aka ɗauraye ba. Da asuba, kafin karin kumallo, kurkure baki da ruwa zalla, ban da man goge baki. Fita tsakar gida ko bakin taga, nesa da yara. Ja dogon numfashi sau 3, sannan ka yi tari daga can cikin ƙirji. Abin da ake so mai kauri ne, kamar cikin ƙaramin cokali. Miyau da majinar hanci ba su da amfani, kuɗinka kawai za su ci.

Rufe, rubuta suna, kai shi cikin awa 2. Kada ka jefa shi a aljihu ka wuce kasuwa sai azahar. Sakamakon shuka yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3.

Gargaɗi: a ba da kaki kafin a sha ƙwayar farko ta maganin kashe ƙwayoyin cuta. In ka riga ka fara, gaya musu sunan maganin.

Mataki na 3: Fitar da kaki, safe da yamma

Nan ne zan daɗe, domin nan ne maganin yake, kuma ba ya cin ko kwabo.

Lokaci: sau 2 a rana, minti 15 zuwa 30. Bayan sallar asuba kafin a ci komai, sai kuma tsakanin la'asar da magariba, ko da dare kafin a kwanta in abinci ya faɗa. Kada a yi da cikakken ciki, a bar aƙalla awa 1 bayan cin abinci. Tanadi kofin ruwan ɗumi, roba mai murfi ta tofa kaki, da filo 2.

Kwanciya: ɓangaren da ya lalace shi ke kallon sama, don majina ta gangaro zuwa manyan hanyoyi. In ƙasan huhun dama ne, kwanta a gefen hagu. In na hagu ne, kwanta a dama. In bayan huhu ne, rub da ciki da filo a ƙarƙashin ƙugu. In saman huhu ne, inda tarin fuka ya fi barin tabo, zama ya wadatar, ka ɗan sunkuya kan filo. Mai ciwo a ɓangare biyu ya raba lokacin.

Gargaɗi: tsohuwar dabarar ɗaga ƙafafun gado a sa kai ƙasa ba ta kowa ba ce. Mai ƙwannafi, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciwon zuciya, mai juna biyu, da wanda ya ga jini a kaki kwanan nan, su kwanta a miƙe kawai.

Yanzu zagayen numfashi. Gaɓa uku ne, kuma jerinsu yana da muhimmanci.

Gaɓar farko, numfashin hutu. Ɗora hannu a ciki, saki kafaɗu, shaƙa ta hanci a hankali har ka ji cikin ya taso, ka saki. Kamar daƙiƙa 30.

Gaɓa ta biyu, dogon numfashi. Ja iska sannu a hankali har haƙarƙari ya buɗe, riƙe ta daƙiƙa 3, ka sake ta ba tare da turawa ba. Sau 3 ko 4, kada ka wuce, jiri zai ɗebe ka. Riƙewar nan ce ke ba iska damar zagayawa ta bayan majina. Koma numfashin hutu.

Gaɓa ta uku, hucin baki buɗe. Wannan ne mutane suka fi kuskurewa. Ɗauki madubi ka riƙe a gaban bakinka. Buɗe baki sosai, ka huro iska daga ƙirji da "haaa" har madubin ya yi raɓa. Ba busa kyandir ba ne, leɓe ba ya tsukewa. Ba kakarin maƙogwaro ba ne kuma. Fara da matsakaicin numfashi da dogon huci, wanda ke taso da majinar can ƙasa. In ka ji ta fara kurkur a tsakiyar ƙirji, ja babban numfashi ka yi gajeren huci mai ƙarfi. Sau 1 ko 2 kawai, sannan tari ɗaya, ka tofar. In kana jin fito kamar na mai asma lokacin hucin, ƙarfin ya yi yawa, hanyoyin suna matsewa, rage.

Maimaita zagayen har sai ka yi biyu a jere ba abin da ya fito, sannan ka juya ɗaya gefen.

Babban kuskure shi ne tari babu ƙaƙƙautawa. Mutum ya yi ta kakari har idonsa ya yi ja, haƙarƙari ya yi tsami, mata wasu har fitsari ya kuɓuce musu, majinar kuwa ba ta motsa ba, domin tari mai ƙarfi yana rufe hanyoyin da bangonsu ya riga ya yi laushi. In tari ya taso kafin lokacinsa, kurɓi ruwan ɗumi ka koma numfashin hutu. Zancen kuɓucewar fitsari kuma a gaya wa mai gashi, akwai atisayen da ke gyara shi, ba abin ɓoyewa ba ne.

Bubbuga baya yana taimakon yara da tsofaffin da ba sa iya bin zagayen. Mai bubbugawa ya lanƙwasa tafin hannu kamar zai ɗebi ruwa, a shimfiɗa tawul, a buga kan haƙarƙari kaɗai, ban da ƙashin baya, ƙoda da nono. Sautin ya zama "fof-fof", ba na mari ba.

Dabarar gora: samu gorar ruwa mai lita 1 ko fiye da sabon tiyo mai tsafta, faɗin raminsa kamar kaurin fensir, tsawonsa kamar santimita 40. Zuba ruwan sha har zurfin santimita 10, tura tiyon har gindin gorar, bar bakinta a buɗe. Ja numfashi ta hanci, ka busa cikin tiyon a hankali ruwan ya riƙa ɓulɓul na daƙiƙa 3 zuwa 4. Busa 8 zuwa 10, sannan huci da tari. Aikin da na'urori irin su Acapella da Aerobika ke yi ke nan, su kuwa daga waje ake kawo su da tsada. A zubar da ruwan kowane lokaci, a wanke gora da tiyo da sabulu, a shanya. Kada a zuƙa. Wanda huhunsa ya taɓa fashewa iska ta taru a ƙirji, ko mai manyan ramuka a hoto, ya tambayi likita kafin ya fara.

Ko zama 2 ne ka yi da mai gashin da ya san ƙirji. Ido ɗaya da zai kalli hucinka ya fi karanta wannan sau goma.

Mataki na 4: Inhela, injin feshi, da wanda ke gaba da wani

Ba kowa ke buƙatar inji ba. In kakinka yana fita da zagayen numfashi, ajiye kuɗinka. In ya yi kauri kamar danƙo, likita yana iya rubuta ruwan gishirin asibiti da ake shaƙa ta nebulaiza, wato injin da ke mayar da ruwan magani feshi, na kashi 0.9 ko mai ƙarfi na kashi 3 zuwa 7 cikin ɗari.

Jerin shi ne: inhelar buɗe ƙirji irin Ventolin in an rubuta maka, a jira minti 10 zuwa 15, sai ruwan gishiri, sai zagayen fitar da kaki, sannan a ƙarshe duk wani maganin shaƙa da ake so ya zauna a huhu. Wanda ya shaƙi ruwan gishiri ya tashi ya tafi kasuwa bai fitar da kakin ba, ya yi rabin aiki.

Gargaɗi: shaƙar farko ta ruwan gishiri mai ƙarfi a asibiti ake yin ta, domin yana matse wa wasu ƙirji. Kada ka haɗa gishirin miya da ruwan famfo ko na leda ka zuba a inji. Kuma ledar ruwan ƙarin ruwa da aka huda ba a ajiye ta ana ɗiba har mako.

Bayan kowane amfani a kwance kofin injin da abin bakin, a wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, a bar su su bushe a kan tsaftataccen ƙyalle, a rufe saboda ƙura. A tafasa su lokaci-lokaci in takardar injin ta yarda. Jiƙaƙƙen kofi gidan ƙwayoyin cuta ne, kuma kai tsaye huhu za ka aika su. Kowa da nasa abin bakin. Da yake wuta ba ta da tabbas, mai caji ya fi mai jona wa bango, in aljihu ya kai.

Inhela mai sinadarin siteroyid ba ta wannan cutar ba ce, sai in akwai asma tare. Ita kuwa ƙwayar firednisolon da ake saya a kemis don ƙirji ya saki, tana raunana garkuwa, tana iya tayar da tsohon tarin fuka. Magungunan kwantar da tari ma ba naka ba ne, kai fitar da kaki kake nema. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin, amma sauran masu danne tari suna nan a kanta, a karanta kwali.

Mataki na 5: San kakinka na kullum

Sayi ƙaramin littafi. Kowace rana layi ɗaya: launin kaki, fari ne, ruwan ƙwai ko kore, yawansa da cokali, haki, zazzaɓi, jini. A bangon ciki rubuta sunan ƙwayar cutar da shukar ƙarshe ta nuna, da kowane magani da ka sha da kwanan wata. Likitan da ke da dogon layi a ƙofa zai fi amfana da shafi ɗaya na wannan fiye da labarin minti 10.

Mai wannan cuta yakan yi kaki ruwan ƙwai ko da lafiyarsa ƙalau, don haka launi kaɗai ba dalilin shan magani ba ne. Ciwo ya tashi in 3 ko fiye daga cikin waɗannan sun ƙaru har kwana 2: tari, yawan kaki ko kaurinsa, duhun launinsa, haki, kasala, jini. Ranar da ka lura, ƙara zaman fitar da kaki zuwa 3 ko 4, ƙara shan ruwa, kai kaki gwaji, ka ga likita.

Mataki na 6: Maganin kashe ƙwayoyin cuta

Likita ne ke zaɓa, bisa shukar da aka yi maka a baya, sannan ya canza in sabon sakamako ya nuna wani abu. Ga ƙwayoyin cutar da aka fi samu akan ba da amoksisilin, Augmentin ko doksisaikilin. Abin da ya bambanta ka da mai tarin mura shi ne tsawon lokaci: galibi kwana 14 ne, ba 5 ba. Lissafa ƙwayoyin kwana 14 ka saya gaba ɗaya in da hali, domin wanda ya sayi sashe ɗaya ya ji sauƙi ba ya komawa. Sayi a kantin magani mai rajista, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Gargaɗi a kan sifro, wato sifurofuloksasin, da 'yar'uwarta lebofuloksasin. A garin nan duk zazzaɓin da ya kwana 3 sai a ce taifot ne a miƙo sifro. Ga mai wannan cuta ɓarna biyu ce. Magungunan nan suna taɓa ƙwayar tarin fuka sama-sama, su ɓoye ta daga gwaji, su kuma koya mata jure magani. Sannan sifro ce kusan kaɗai ƙwayar haɗiya da ke aiki a kan sudomonas, ƙwayar cutar da ta fi wahalar da masu buɗaɗɗun hanyoyi. In ka ƙone ta a kan taifot ɗin da ba a tabbatar ba, ranar da kake buƙatarta sai allura da kwanciya asibiti. In likita ya rubuta maka ita, raba ta da madara, nono, maganin ƙarin jini da na gyambon ciki mai alli da awanni, ka tambayi mai kantin magani tazarar. In agarar dunduniya ta fara ciwo, dakata ka koma asibiti.

Doksisaikilin ba ta mai juna biyu ba ce, ba ta ƙananan yara ba. A sha ta da cikakken kofin ruwa, kada a kwanta nan take.

In kwana 3 sun wuce ba sauƙi, koma. Kada ka ƙara wani maganin a kai da kanka.

Mataki na 7: Jini, da sauran alamun tafiya asibiti yanzu

Zaren jini a cikin kaki yakan zo da tashin ciwo. A gaya wa likita a ranar, a daina bubbuga baya da busa gora, a ci gaba da numfashi mai laushi. A bar asfirin, ibufurofen da dikulofenak, a tsaya kan farasitamol. Wanda likitan zuciya ya ɗora a kan maganin tsinka jini ya kira shi kafin ya daina.

Jini zalla da ya wuce babban cokali, ko wanda ke ta zuwa, na sashen gaggawa ne. Kwantar da mara lafiya a kan gefen da ya lalace, wato akasin kwanciyar mataki na 3, don kada jinin ya malala cikin huhu mai lafiya. Kada a ba shi abin sha, kada a tsaya jiƙo ko neman mai allura a unguwa. A tofa a roba a tafi da ita likita ya ga yawan.

Sauran alamun: haki har ba a iya ƙarasa magana, leɓe ko harshe ya yi duhu, ruɗewa, sukar ƙirji farat ɗaya, zazzaɓi mai karkarwa, ko amai da ya hana magani zama. In kana da ɗan abin auna iskar jini na yatsa, ƙasa da 92 a ga likita a ranar, ƙasa da 90 gaggawa ce. Sanyin yatsa da baƙin lalle suna rikita shi, kuma a baƙar fata yakan nuna sama da gaskiya kaɗan, don haka in jiki ya ce ba lafiya a bi jiki.

Mataki na 8: In ciwon yana tashi sau 3 ko fiye a shekara

Da farko a sake duba yadda kake fitar da kaki, domin sau tari nan ne ɓarakar take. In wannan ya daidaita, likitan ƙirji yana iya ɗora ka a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta azitromaisin na watanni, galibi sau 3 a mako. Kafin nan sai an yi gwajin bugun zuciya, an tambayi lafiyar jinka, an kuma tabbatar babu tarin fuka ko danginsa da ke zaune a ruwa da ƙasa. Wannan ba shawarar da mai kemis zai yanke ba ce.

Wanda tarin fuka ya bar wa rami, yana rama, yana tofar da jini, gwajin tarin fuka kuma yana cewa babu, ya tambayi likita zancen fumfunar asfajilus. Tana zama cikin tsohon rami, tana kwaikwayon tarin fuka sak, ana gano ta da gwajin jini da hoton siti, maganinta daban ne kuma na watanni. In lalacewar ta tsaya a yanki ɗaya kuma ta ƙi jin magani, akwai zancen tiyata.

Yaron da ya wuce mako 4 yana jiƙaƙƙen tari a kai shi likitan yara, Asibitin Hasiya Bayero ko na Aminu Kano. A tuna ko ya taɓa shaƙewa da gyaɗa ko wani ɗan abu. A yara, in an kama da wuri, hanyoyin suna iya komawa daidai.

Mataki na 9: Hunturu, hayaƙi da azumi

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne aka fi shan wuya. Busasshiyar iska tana daskarar da kaki, ƙura tana tayar da tari. Sa takunkumi in za ka hau babur ko adaidaita sahu, mai lamba N95 ya fi na ƙyalle nesa ba kusa ba. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma. Mai aiki a rumbunan hatsi na Dawanau, ko wurin casa da niƙa, ko kiwon kaji, ya san ƙurar hatsin da ya yi fumfuna ta fi ta titi illa gare shi.

A cikin gida, abin da na fi samun gardama a kansa shi ne turaren wuta. Hayaƙi ne, komai daɗin ƙamshinsa. In ba za a bari ba, a turara ɗaki mara lafiya yana waje, a buɗe taga kafin ya shigo. Maganin sauro na kunnawa a maye shi da gidan sauro. Janareta nesa da taga. Girkin icce a fili, gawayi kuma kada a shiga da shi ɗaki don jin ɗumi a rufe ƙofa. Taba da shisha babu sassauci.

Sirace da ruwan zafi zalla yana sa wasu jin sauƙi, amma ba ya maye gurbin mataki na 3, kuma a kiyayi ƙuna ga yara. Zuma da citta ba laifi ga wanda ba shi da ciwon suga. Man da ake ɗiga wa a hanci ko a shafa can ciki a bar shi, yana iya gangarawa huhu.

Tafiyar ƙafa ta minti 30 mafi yawan kwanaki tana taso da kaki, a yi ta da hantsi in hazo ya ɗaga. Ciwon yana cin jiki, don haka a dage da wake, ƙwai, kifi, gyaɗa da nono, a riƙa hawa sikeli wata-wata. Tambayi likita rigakafin nimoniya da ta mura, yaran gida kuma a cika musu katin rigakafi.

Cutar ba ta yaɗuwa. In gwaji ya nuna babu tarin fuka, babu dalilin ware wa mutum kwano ko kofi, balle a fasa aure. Kakin dai a zuba a masai, a wanke hannu.

Da azumi, mayar da zaman fitar da kaki aƙalla awa 1 bayan sahur da kuma bayan tarawihi, lokacin da jiki ya sha ruwa, ka rarraba shan ruwan tsakanin buɗa-baki da sahur. Maganin sau 3 a rana ba ya matsuwa cikin dare ɗaya. In ciwo ya tashi a Ramadan, mara lafiya yana da rangwamen ramuwa, a tambayi malami, a tambayi likita, kada a yanke kwana 14 zuwa 7.

Mataki na 10: Inda kuɗi ya kamata su tafi

Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne, zagayen numfashi da gora ma haka. Hoton siti galibi sau ɗaya ne. Abin da ke dawowa shi ne shukar kaki, maganin kwana 14, da kuɗin mota zuwa asibiti, don haka ware ɗan abu duk wata tun kafin hunturu. In kuɗi sun yi kaɗan, shukar kaki da cikakken magani suna gaban nebulaiza, nebulaiza tana gaban na'urar busa ta waje, su kuma magungunan tari na kwalba da na ƙarin kuzari a cire su daga lissafi gaba ɗaya.

Ma'aikacin jiha ya bi ta hukumar taimakekeniyar lafiya ta Kano, KSCHMA, na tarayya ta NHIA. Hoton siti da ganin likitan ƙirji sukan buƙaci takardar turawa daga asibitin da ka yi rajista da lambar amincewa, don haka karɓo su kafin ranar hoton. In ka fara biya daga aljihu, dawo da kuɗin yana da wuya. Wanda ba shi da inshora kuma ya nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, ya tafi da takardar likita da ta kuɗin gwajin a hannu.